Ranar da Na Kori Dattawan Ƙurban da Gahawa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai Lawwali shagon Ammu Bakur ba, kuma ko na so in manta, Lawwali ba zai bari ba.

Lawwali abokina ne tun muna firamare a Gusau. Kafin ya zo umara na riga na cika masa kunne a waya cewa ni fa karatu ya mai da ni ɗan gari a Madina. Babbar hujjata ita ce wani ɗan shagon shayi da gahawa a unguwar Ƙurban, kusa da Masallacin Ƙuba. Mai shagon, Ammu Bakur (Ammu shi ne baffa da Larabci), kakanninsa Hausawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna, Hausarsa rabinta Larabci ne. Kullum bayan la'asar dattawan unguwa kan taru kan darduma a cikin shagon, ni kuma an saba da ni har ina da kusurwata.

Tun a tasi na fara yi wa Lawwali lacca: kada ya miƙe ƙafa gaban manya, kada ya yi saurin magana, ya zuba ido kawai ya koya daga gare ni. Shi dai "to, Shehi" kawai yake cewa. Na san zolaya ce, amma sunan ya yi mini daɗi.

Da muka shiga, komai ya tafi yadda nake so. Dattawa suka yi mini lale kamar ɗansu, Ammu Bakur ya rungume Lawwali yana tambayarsa ko ya taho masa da kilishi, aka turo mana dabino. Lawwali ya raɗa mini cewa ashe da gaske nake. Kaina ya kumbura.

Sai aka kira Ammu waje, ya ajiye dalla, wato butar gahawa, bai kai ga zubawa ba. (A nan dole in faɗi gaskiya: ni ɗan shayi ne mai na'ana'a, gahawa ɗaci take yi mini, ban taɓa damuwa da ka'idojinta ba.) Na dai daɗe ina ganin 'yar kaɗan ake ɗigawa a gindin finjali, wannan mitsitsin kofin nasu, ina cewa a raina tsimi ne irin na 'yan kasuwa. Mu a gidanmu ba a miƙa wa babba rabin kofi. Na ce yau zan nuna musu karamcin mutanen Gusau. Na ɗauki dalla, na fara da babbansu, Ammu Salih, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cika kowane finjali har baki.

Hira ta tsaya cak. Ammu Salih ya kalli finjalin, ya kalle ni, ya ajiye ko kurɓa bai yi ba. Ya laluba sandarsa ya ce, "Fahimna, ya waladi. Ma'assalama." Wato "mun gane, ɗana, sai an jima." Sauran suka sa takalma suka bi bayansa. Lawwali ya tambaye ni ko wannan ma al'ada ce, ni kuma (Allah Ya yafe mini) na ce eh, sukan ɗan taka kafin magariba.

Ammu Bakur ya dawo ya tarar da darduma wayam, ga finjalai cike a jere. Ya juyo gare ni ya ce, "Ya waladi, kai ka sallame su. Mu kaɗan muke zuba wa baƙo don ya daɗe, a yi ta ƙara masa. In ka cika, yani ka ce masa sha ka tashi, halas."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba kunyar Lawwali kaɗai ba, tsoro ne ya kama ni, domin a duk garin nan shagon ne kaɗai wurin da ba na jin kaina baƙo. Na fita a guje ba takalmi, kwalta tana gasa mini ƙafa. A bakin lungu na iske su jingine da bango, Ammu Salih yana share hawayen dariya da gefen mayafin kansa. Na ba da haƙuri da duk Larabcin da ya rage a bakina. Suka yanke hukunci cewa za su koma, amma daga ranar ni ne mai zuba gahawa har sai hannuna ya faɗa.

To, hannu ya faɗa. Yau a tsaye nake zubawa, dalla a hagu, finjali a dama, ba na zama sai kowa ya girgiza nasa alamar ya ƙoshi. Baƙi da yawa sun ɗauka jikan Ammu Bakur ne ni, kuma ban cika saurin gyara musu ba. Abin da na koya shi ne, in ka ga mutane suna yin abinsu, ka yi tambaya kafin ka tashi nuna musu karamci.

Bara Lawwali ya sake zuwa umara. Yana zama ya fara ba dattawa labarin daga farko, har da ƙarin gishiri, wai kuka na yi a titi. Na matso a hankali na cika masa finjali har baki.

Ya dube shi ya ce, "Haba Shehi, ai ban gama ba."

Na ce, "Na sani."