Ƙunshin Inna Hajo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da hancina ya kunyata ni a bainar jama'a. Shekarar ce garinmu, can gefen Kiéché, ya yi gayyar haɗa wa 'ya'yanmu sojoji tsaraba, don suna daji, damina ta wuce ba su ga gida ba. Kowa ya kawo abin da Allah Ya hore masa: ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, garin kunu, sabulu. Makiyayan rugar yamma suka zo da man shanu a kwalabe. Ni aka ba addu'ar rufe taro, tunda ni ke karantar da allo, kuma an san ni da natsuwa (matata tana kiranta nawa).

Samarin kasuwa da suka jagoranci aikin sun kafa sharaɗi: ba laya, ba guru, ba ƙulle-ƙullen bori a cikin kayan. Na ce madalla.

Sai ga Inna Hajo, tsohuwar da autanta Sani yake cikin sojojin, riƙe da wani ƙunshi a jan ƙyalle, ɗinki bisa ɗinki. Ta ɗora shi kan buhu da hannu biyu.

"Wanga na Sani na," in ji ta. "Kada kowa ya taɓa min shi."

Jan ƙyalle fa! Duk ɗan Arewa ya san masu son ja: 'yan bori. Allah Ya sani ban zarge ta ba, so kawai nake in sani. Ana ta jawabai, idona na kan ƙunshin. Gari ne? Saiwa ce? Na matsa kusa, na latsa, na ji laushi. Na girgiza, shiru. Sai na tuna da 'yar wuƙar da nake fiƙe alƙalami da ita. Na tsinke zaren gefe, na kai hanci, na ja numfashi har ƙirji.

A daidai nan aka miƙo mini lasifika. "Malam, bismillah."

Yaji ne, jama'a. Barkono da citta da daddawa, dakan hannu. Na buɗe baki in yi a'uziyya, sai atishawa ta fita ta lasifika, har tantabarun masallaci suka watse. Na ce alhamdulillahi, taro ya amsa. Na sake, suka amsa. Da abin ya ƙi ƙarewa suka daina amsawa. Ashe ina matse ƙunshin ban sani ba. Ɗinki ya ɓarke, iska ta kwashi garin ta kai sahun gaba. Magajin gari da hafsan da ya zo karɓar kaya suka kama tasu, muna yi kamar masu karɓa-karɓa.

Kowa ya yi dariya ban da Inna Hajo. Ta durƙusa tana duban yajinta cikin rairayi.

"Malam, bakinka ciwo shi kai? Da ka tambaye ni mana. Yaron nan ba shi iya cin shinkafar bariki sai da yajina. Ƙyallen kau zanen da na goye shi da shi na."

Ga motar kayan za ta tashi da an idar da azahar. Ni da ba a taɓa ganin saurina ba, sai ga ni da gudu, riga a hannu, ina roƙon matata yajinta. Sai da ta gama dariyarta tsaf sannan ta juye mini. Inna ta ɗinke da kanta, ta ba ni baya.

Na ɗauka magana ta mutu. Bayan an kwana biyu Inna ta aiko a kira ni, ta sa maƙwabcinta ya kunna mini saƙon murya daga Sani.

"Inna, kaya sun iso, mun gode. Amma wanga yaji ba hannunki na ba. Lahiya kike?"

Ta miƙo mini wayar. "To, ba kai ka son sanin komi ba? Shi ma so shi kai ya sani. Ba shi amsa."

Na kira shi na ba shi amsa, abokansa suna ta ƙyaƙyatawa daga can. Tun ranar, in na ga abu a ɗinke, da baki nake tambaya. Hanci na bar shi ga alwala.