Rasuwar Suwic Mai Ƙofa Ashirin da Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haushi a gefe, ni Ruƙayyatu, ungozomar ɗakin haihuwa na ƙungiyar unguwarmu a Sabon Birni, nake sanar da jama'a rasuwar suwic ɗinmu. Ya kwanta dama ranar Talata bayan la'asar, a ruwan farko na bana, yana da shekara shida a bakin aiki.

Ga wanda bai san marigayin ba, baƙin akwati ne mai faɗin faranti, a kafe a bangon ofishina. Shi ke karɓo intanet daga kwanon kama sadarwa da ke saman tankin ruwa, ya raba wa kwamfutoci da na'urar duba ciki. Ta hanyarsa Dakta Khadijat take zaune a Sakkwato tana kallon cikin matan Gatawa da Tsamaye da Kurawa, ina riƙe da na'ura tana gaya mini in matsa dama ko hagu. Wanda ya san hanyar Sakkwato a shekarun nan ya san yawan matan da marigayin ya hutar da su shiga mota. Wayar hannu kuwa a nan, kafin ta tura hoto ɗaya jariri ya yi haƙori.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa zuwa bita a Abuja ba, kuma bai taɓa sa hula ya tsaya a gaban hoto ba. Maganarsa ɗaya ce, fuuuu, fankarsa ke nan. In aka ɗauke wuta ya ce tit, batir ya karɓa, ya ci gaba da fuuuu.

Ƙofofinsa na soka waya ashirin da huɗu ne, kuma ta ƙarshen ce ta yi ajalinsa. Wannan ƙofa baki biyu gare ta, ɗaya na wayar jan ƙarfe, ɗaya na faiba, wato wayar nan mai zaren gilashi da haske ke bi ta ciki. Ɗaya kawai ke aiki a lokaci guda. Injiniya Abdulrasheed, wanda ya kafa shi, ya saita ta a kan ta fara neman faiba, in ba ta samu ba ta koma jan ƙarfe. Ya ja faiba daga tanki zuwa ofis, ya gaya mana dalili a gaban kowa: tsawa na bin ƙarfe, ba ta bin gilashi.

Ciwon ajali ya fara ne da rani, ranar da garken shanu ya ratsa bayan katanga ya tsinke faibar. Shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Na'Allah, wanda ya taɓa gyara fitilar ƙwai a ƙuruciyarsa kuma bai yarda a manta ba, ya zo da kansa. Ya feƙe bakin wayar da haƙori, ya nemi abin murɗewa ya rasa, ya tofar.

"Mi za mu yi da wagga waya da ba a ɗamre ta?" in ji shi. "Ku kawo muna ta ƙarfe, wadda munka gada."

Aka ja ta ƙarfe daga ƙolin tanki har cikin ƙofa ta ashirin da huɗu. Marigayin, da yake mai biyayya ne, ya karɓa, fitilarsa ta yi kore, Alhaji ya sha tafi.

Abdulrasheed ya kira daga Sakkwato ya ce a cire wayar ƙarfen kafin damina. Ya aiko da sabuwar faiba, an riga an haɗa mata kawuna, sokawa kawai ta rage. Alhaji ya karɓi kwalin ya kulle a shagonsa, domin a ganinsa waya mai wannan daraja ba ta shiga aiki sai an yi bikin ƙaddamarwa, da rumfa da lasifika da manyan baƙi. Sau uku ana ɗage bikin. Na farko babban baƙo bai samu zuwa ba, na biyu ba a gama ɗinkin anko ba, na uku ban ma tambaya ba.

Ni ma ba za ni wanke kaina ba. Abdulrasheed ya koya mini layi ɗaya da za ni rubuta in kulle bakin jan ƙarfe, ƙofar ta ƙi komai sai faiba. Da na yi, da intanet ya tsaya, da dole kwalin ya fito a ranar. Na zauna gaban kwamfuta sau biyu, na tuna fuskar Alhaji, na tashi. Wannan abin yana cina har yanzu.

Ranar Talata hadari ya haɗo daga gabas. Laraba, matar wani manomi daga Gatawa, tana kwance a gadon dubawa da cikin wata tara. Dakta Khadijat ta fara cewa kamar ɗan a gicciye yake, in ɗan karkata na'urar ta tabbatar. Sai tsawa ta faɗi a kan tanki, ta biyo wayar da muka gada. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce tas, sannan ƙauri.

Ya rasu ya bar kwamfuta uku marayu, da na'urar duba ciki da ba ta da mai karanta mata, da amaryarsa faiba, wadda ke cikin kwali a shagon Alhaji ba su taɓa ganin juna ba.

Za a yi zaman makoki a ofishina, inda baƙin tabon yake a bango. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo rumfa.

Za a ɗauki gawar gobe Alhamis da hantsi zuwa wurin Abdulrasheed a Sakkwato, in an ji hanya ta yi sauƙi. Mota ɗaya gawar za ta shiga da Laraba mai cikin nan, tunda yanzu dole likita ta gan ta ido da ido. Ni za ni zauna a baya in riƙe ta. Kujerar gaba mun bar wa Alhaji Na'Allah, a matsayin babban baƙo, kuma wannan bikin ba za a ɗage shi ba.