Sunan Wa Za a Sa a Sama?

A shataletalen bakin kasuwar garinmu akwai wata tsohuwar hasumiya da aka gina tun zamanin Turawa, don tunawa da mutum biyu: wani Di'o da mutanen gari suka laƙaba wa Sha-Shayi, da wani injiniyan reluwe da ake kira Jan Gemu. Bara wata tirela mai ɗauke da albasa ta ƙwace wa direba, ta kwashe hasumiyar da baya. Kafin a gama tsintar albasa, 'yan jari-bola sun yi gaba da allon tagullar da sunayen suke kai.

Aka kafa kwamitin sake gini, aka ɗora Alhaji Sallau Maigoro a shugabanci. Alhaji kuwa mutum ne da tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ce wa baƙo a'a ba. Jikan Sha-Shayi, Mista Harfod, ya bugo waya daga Ingila ya roƙi a sa sunan kakansa a sama. Alhaji ya ce, "Ba komai, in sha Allahu." Bayan 'yan kwanaki jikan Jan Gemu, Mista Dugan, ya bugo daga ƙasar Ayalan da irin wannan roƙo. Alhaji ya ce, "Ba komai, in sha Allahu."

Malam Habila, malamin Turanci da ke yi wa kwamiti tafinta, ya ce, "Alhaji, sama fa guda ɗaya ce."

Alhaji ya ce, "Haba Malam, Bature ai Bature ne. 'Yan gida ɗaya ne, sa sasanta kansu."

Ranar aza harsashi gari ya cika. An kafa rumfuna, 'yan makaranta sun yi layi, makaɗa sai zuba kirari suke. Don karramawa, Alhaji ya sa aka ɗinka wa jikokin nan biyu da suka zo bikin malum-malum iri ɗaya, aka zaunar da su kujera kusa da kujera, aka kuma kafa tutar Ingila guda a bayansu ta wadatar da su duka. Da Mista Dugan ya waiga ya ga tutar, sai fuskarsa ta yi jawur kamar gauta, ya ja kujerarsa gefe ƙiiii.

Ba a jima ba kowannensu ya gano alkawarin da aka yi wa ɗan'uwansa. Nan fa Turanci ya kaure, har mai kalangu ya tsaya da kiɗa.

Alhaji ya ce, "Malam, me suke cewa?"

"Na Ayalan ya ce shi ba ɗan Ingila ba ne. Wai ɗaruruwan shekaru Ingila tana mulkin mallaka a ƙasarsu."

"Wa? Su? Su ma an mallake su?"

Malam Habila ya manta lasifika a kunne take a hannunsa, saboda haka duk filin ya ji. Wuri ya ɗauki sowa. Inna Kande mai ƙosai, wadda ta tsufa tana suya a gindin hasumiyar, ta ratso taro ta danƙa wa Mista Dugan ƙosai mai zafi a takarda, tana cewa, "Sannu ɗan nan, sannu! Ashe kai ma ka sha. Ku ma da jangali?"

Mista Dugan ya samu ƙarfin gwiwa, ya ɗaga murya. Malam Habila ya fassara: "Ya ce a babban birninsu ma Ingila ta taɓa kafa irin wannan hasumiya, su da kansu suka tarwatsa ta."

Wani daga baya ya ce, "Maza! Mu sai da muka jira tirela."

Mista Harfod ya miƙe, malum-malum na harɗe masa ƙafa, ya ce ko a rubuta kakansa a sama kamar yadda aka yi masa alkawari, ko ya kama hanya. Mista Dugan ya ce shi ma haka. Ga manyan gari a zaune, ga cokalin siminti a hannun Alhaji, ido duk a kansa, ana jira a ga wa zai zama ya yi wa ƙarya.

Alhaji ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "Ka gaya musu ban saɓa wa kowa ba. Layi ɗaya za a yi a can sama, sunan wannan gefen na wancan."

Mista Harfod ya ɗan yi tunani, ya gyaɗa kai. Amma Mista Dugan ya ajiye ƙosansa ya yi magana mai tsawo.

"Alhaji, ya ce yaya za ka jera wanda ya danne da wanda aka danne? Wai shin lokacin da kakanninsu suke nan, ku ba ku ga bambanci tsakaninsu ba?"

Alhaji ya ce, "Ka ba shi haƙuri. Mu a lokacin daga ƙasa muke kallo, takalmin kuwa iri ɗaya ne."