Ranar da Jigon Malam Haruna Ya Ɗaga Ni Sama

Ba zan taɓa mantawa da hutuna na farko daga kwalejin fasaha ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Ana gab da samun mulkin kai ne aka ɗauke ni karatun injiniya a Zariya, a wata babbar kwaleji da mutanen garinmu Wudil suka yanke hukuncin kira jami'a, ni kuwa ban taɓa yi musu gyara ba. Malamanmu ba sa gajiya da gaya mana cewa Turawa sun kusa tafiya, mu ne za mu gina gadoji, mu ja ruwa, mu shugabanci ƙasa. Wata shida kacal na yi ina jin wannan magana, amma na sauko daga mota a tashar Wudil kamar an riga an miƙa mini Arewa. Ga wando, ga laktaye cikin zafin rani, ga rular lissafi tana leƙowa daga aljihu (ban gama iya aiki da ita ba, amma ba wanda ya sani).

A lokacin ina neman Lantana, 'yar Malam Haruna mai lambun albasa a bakin kogi. Manya sun fara magana, sai dai tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na je gaishe shi a lambu na tarar da shi yana jan jigo. Ga wanda bai san jigo ba, doguwar sanda ce a kan gwafa, gefe ɗaya guga, ɗaya gefen curin laka. Ka janyo gugan ƙasa ya cika a rijiya, nauyin lakar ya ɗago maka shi, ka juye ruwan ya bi lambu. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi karatu, ya tambayi Zazzagawa. Da na tsaya nan da na tsira.

Na ce, "Baba, wannan aikin wahala ce kawai. Guga nawa kake ja kafin albasar nan ta ƙoshi?"

Ya ce, "Ban taɓa ƙirgawa ba, ɗana. In ta ƙoshi nakan gani."

Nan na zaro fensir. Na bayyana masa cewa a ilimin fasaha an gano ƙa'idar wannan abu tuntuni, kuma in ya ba ni kwana biyar zan mayar masa da aikin wuni ya zama na hantsi. Ya dube ni, ya dubi jigonsa da ya gada daga mahaifinsa, ya ce, "To, ilimi ai ba a ƙinsa. Bismilla."

Dabarar tawa mai sauƙi ce. Na cire ɗan gugansa na sa rabin duro. Na samo sanda mai kauri da gwafa mai ƙarfi. Sannan na yi lissafin lakar da za ta iya ɗaga rabin duro cike da ruwa, na sa aka dunƙula ta da duwatsu har ta kusa kai girman tukunyar rini. Kwana uku muna jiran ta bushe, Malam Haruna yana ɗibar ruwa da tulu yana bai wa albasarsa. Sau ɗaya kawai ya tsaya ya daɗe yana kallon curin, ya ce, "Ɗana, wa zai riƙa janyo gugan ƙasa?" Na ce masa duk yana cikin lissafi. Ba ya ciki.

Ni da bakina na gayyato jama'a. Na zaɓi safiyar Juma'a, ranar kasuwa, don labarin ya yi nisa. Maƙwabtan Malam Haruna masu lambu suka zo, mahaifina ya zo da abokansa biyu, wasu mutanen Utai da Darki da ke kan hanyar kasuwa suka ɗaure jakunansu suka tsaya kallo. Lantana ma ta kawo wa babanta fura, ta ƙi tafiya. Na hau kan tudun rijiya na yi jawabi. Na ce zamanin ƙarfi ya wuce, zamanin ƙwaƙwalwa ya zo, kuma irinmu ne za mu ja ragamar ƙasar nan (har da Turanci na sa, wanda ba mai ji sai ni).

Ƙarti huɗu suka tallabi lakar suka ɗaga, duron ya sauka ya cika. Na ce su saki. Wallahi abin ya yi kyau. Duron ya taso a hankali, ya tsaya daidai bakin rijiya yana ƙyalli. Mahaifina ya gyara hula. Na naɗe igiyar a hannuna sau uku don in nuna cewa mutum ɗaya ya isa, na sa ƙafa na karkata duron, ruwa ya kwarara cikin albasa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, da ruwan ya fita, babu sauran abin da ke riƙe da lakar sai ni. Ni kuwa a lokacin ban fi buhun gero ba, shi ma wanda aka ɗiba.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka bar ƙasa ba. Na dai ji dum, lakar ta daki ƙasa, na duba na ga kawunan mutane a ƙarƙashina. Ina reto a saman rijiya, duron wofi yana bugun gwiwoyina, takalmina ɗaya ya faɗa ruwa. Daga can sama har shanun kara, kasuwar dabbobi, nake hangowa. Sai wani jaki ya ga ya dace ya yi kuka. Lantana ta juya baya ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

Malam Haruna ya matso, ya sa hannu ya kare rana, ya ɗaga kai ya ce, "Sannu, ɗana. A littafin naku an rubuta yadda ake saukowa?"

Na ce, "Baba, a taimaka."

Ƙartin suka nufi lakar za su ɗaga, ya hana su, wai kada su sake ni da ƙarfi in karye. Ya ɗauko fartanya ya fara sassaƙar lakar kaɗan-kaɗan, ni kuma ina saukowa taƙi-taƙi. Ana cikin haka wani tsohon abokinsa ya iso, sai ya jingina fartanyar suka shiga gaisuwa. Ya gida, ya iyali, ya ƙafar da ke ciwo, ya aka ji da rasuwar wance. Ina rataye ina jin komai, hannuna kamar zai tsinke. Da baƙon ya ɗaga kai ya gan ni, sai Malam Haruna ya ce, "Injiniyanmu ne, yana duba aiki."

Saran ƙarshe da ya yi ya ɗan fi sauran girma (har ya koma ga Allah yana cewa kuskure ne). Na wuce bakin rijiya na zarce ciki, ruwa har wuya.

Da aka fito da ni mahaifina ya riga ya tuna yana da uzuri a kasuwa. Ni na sake ɗaura tsohon jigon yadda yake, Malam Haruna yana zaune yana nuna mini da sanda. Sauran hutun kuwa ni na riƙa jansa kullum da safe, tafin hannuna ya yi kanta. Ranar da zan koma makaranta Malam Haruna ya aika wa mahaifina cewa ya ba ni Lantana, wai yaron da ya iya dawowa lambun nan bayan abin da ya faru zai iya haƙuri da komai.

Na gama karatu, na yi shekaru ina aikin ruwa, har na shugabanci mutane da yawa. Duk na'urar da aka ce in ƙera, sai na fara zama da wanda zai yi aiki da ita, in saurari tambayarsa har ƙarshe, musamman in tsoho ne mai magana a hankali. Ranar gwaji kuma nakan tsaya nesa kaɗan, hannuwana a baya, in ba mataimakina damar nuna kansa. Shi ma ai shugaban gobe ne.