Shugaban da Ba a Zana Ba

Allah ya yi wa baƙar fata gata da ya ba ta Garkuwa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya ga jama'a sun yi jinkirin raɗa masa. Shi ne shugaban Ƙungiyar Kare Martabar Baƙar Fata, shi ne sakatare, shi ne kakaki. Mambobi kuwa akwai ƙanin matarsa, idan ba shi da uzuri. Katin da yake rabawa muƙamai sun cika shi maƙil, har lambar waya sai da ta koma baya.

Ana cikin wannan ni'ima sai wata mai zane ta fitar da littafin barkwanci mai hotuna. Ba ta bar kowa ba. Ga farfesan da ya yi mako uku a ƙasar Turawa ya dawo yana magana ta hanci. Ga attajirar da fuskarta ta yi fari, gwiwar hannunta ta ƙi bin umarni. Ga daraktan da ke miƙewa tsaye idan Bature ya kira shi a waya. Manya suka fusata, gari ya ɗauka. A shagon aski da cikin motar haya ba a zancen kowa sai su.

Garkuwa bai tsaya karanta littafin ba. Mutum irinsa ai ba sai ya duba ba. Ya tara 'yan jarida uku a ofishinsa, ya daki tebur.

"An taɓa ni, kuma wanda ya taɓa ni ya taɓa nahiya guda. Shekara talatin ina tsaye a gaban baƙar fata, dole mahassada su fara da ni."

Wani ɗan jarida marar tarbiyya ya ce, "Ranka ya daɗe, a wane shafi kake?"

"Ku dawo ranar Alhamis, zan nuna muku da yatsana."

Ya sayi littafin ya tafi gida. Ya sa tabarau, ya bi shafi arba'in da takwas ɗaya bayan ɗaya. Ya cire tabarau ya sake bi. Ya duba cikin taron jama'a, ya duba bayan labule, ya duba har fasinjojin da ke cikin mota. Matarsa ta karɓa ta duba masa, tana dariya har da hawaye.

"Maigida, ka gode wa Allah, ba ka ciki."

Rabon da a gaya masa magana mai ɗaci irin wannan tun yana makaranta. An zagi farfesa, an zagi darakta, har wani ƙaramin mai sayar da gashin kanti ya samu rabin shafi, shi kuwa ko hularsa ba a gani ba. Ga Alhamis tana matsowa. Gaskiya ya ba ni tausayi.

Ranar Laraba ya sa babbar rigarsa ya nufi maɗaba'a. Ya tarar da mai zanen a ɗan ɗakin baya, tsakanin tulin takardu da kwalaben tawada, tana fere fensir. Ta miƙe ta ba shi kujera.

"Sannu da zuwa, Baba."

"'Yata, gargaɗi na zo yi. Na ji ana shirin saka ni a littafi na biyu. Kul." Ya juya kujerar wajen taga, inda haske zai fi kama gefen fuskarsa na dama. "Na san abin da za su gaya miki. Za su ce na yi barci a taron ƙasa da ƙasa, ni ne kuma mai jawabi. Za su ce akwai kofunan da ba a fito da su a gidana sai Bature ya zo. Za su ce man da nake shafawa ba na kaushi ba ne. To, ban yarda a zana ko ɗaya ba. Kofunan shida ne, masu bakin zinare."

Ta fahimce shi, yarinyar kirki. Ta jawo takarda, fensir ya fara tafiya. Garkuwa ya ɗaga haɓa, ya tsuke tumbi, ya ci gaba da gargaɗi ta gefen baki don kada ya motsa. Minti ashirin yana hana ta, har wuyansa ya sage.

Da ta gama ta juyo masa da takardar. Shi ne sak, da tumbin da ya ɓoye da komai. Daɗi ya kashe shi. Ya haɗe rai da ƙyar.

"Wannan cin mutunci ne. Gobe duniya za ta gani. Zan iya tafiya da shi?"

"Za ka iya, Baba. Sai dai akwai 'yar matsala. Su farfesa ana ganinsu ake ganewa, shi ya sa ban rubuta musu komai ba. Naka sai an sa suna a ƙasa." Ta ɗora fensir a gindin zanen, ta ɗago kai cikin ladabi. "Yaya ma sunan?"