Uwar Maƙerar Sallau

Sallau mai tsofaffin kaya, wanda rumfarsa ke jikin tawa a kasuwar Funtuwa, shekara biyu ke nan yana gwanjo ta waya. Wani shafi ne a intanet: ka ɗauki hoton kayanka ka ɗora, mutane su yi ta tayi har kwana bakwai, wanda ya fi kowa tayi ya ɗauka. Shi kuwa Sallau sai Allah ya haɗa shi da tsofaffin kuɗi, su anini da kwabo mai huji da sisi, irin waɗanda tsofaffi ke mantawa a ƙasan adaka. Ashe akwai masu tara su a Legas da Abuja, suna kuma biya ba ja-in-ja. Da wannan sana'a ya sake rufin gidansa, da ita yake cefane. Rumfar kasuwa ta zama wurin shan inuwa kawai.

Masu shafin nan kuwa, Allah ya isa tsakaninsu da talaka. Ka ɗora kaya, su cira. Ka ƙara hoto na biyu, su cira. A saya, su yanki kashi goma sha biyar cikin ɗari. Ka zo kwashe ɗan abin da ya rage, nan ma sai sun lasa. Dillalin kasuwar dabbobi ko ba komai ya sha rana, ya ja akuya, ya rantse maka sau uku kafin ya karɓi la'adarsa. Waɗannan ko inuwarsu ba ka taɓa gani ba. Amma Sallau bai damu ba, don kwabo ba shi da nauyi. Ya sa a ambulan, ya manne da yawu, ya aika. Saboda haka kullum yakan danna wajen da aka rubuta cewa kuɗin aikawa a kan mai kaya yake, wai hakan na jawo masu saye. Yana kuwa jawowa.

Ana nan sai wani tsohon maƙeri a Bakori ya rasu, magada suka sayar wa Sallau uwar maƙerarsa, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora jan ƙarfe a kai ana duka. Baƙa wuluk, ta sha guduma tun zamanin Turawa. Dubu ashirin ya biya. A-kori-kura ce ta kawo ta, ƙarti huɗu suka sauke.

Na ce, "Sallau, wannan kuma fa?"

Ya ce, "Ilu, ba ka san masu kuɗi ba. Wanda ya sayi kwabon da ba ya sayen komai, zai sayi wannan ya ajiye a falo."

Ya goge ta da baƙin mai, ya ɗauki hoto, ya ɗora. Farashin farawa ya sa dubu biyar. Na ce ya ƙara. Ya ce in bar shi da sana'arsa, ai ciniki daga ƙasa yake tasowa. In tayi bai yi masa ba, sai ya ce albarka, kamar yadda kowane ɗan kasuwa ke yi tun kaka da kakanni. Bai taɓa buƙatar faɗin haka a shafin ba, don a kan kwabo masu tayi har ture juna suke yi. Sauran wuraren cikewa kuwa ko kallo bai yi musu ba, ya bar su yadda suke kullum.

Kwana bakwai, mutum ɗaya tak ya taya. Wani mai otal a Kalaba. Dubu biyar da ɗari biyar.

Ranar Laraba da azahar wayar ta yi ƙara, ta ce an sayar, har da ɗan hoton tafi. Sallau ya miƙe zumbur yana shafa fuskar wayar sama da ƙasa.

"Ilu, duba min. Ina wajen danna albarka?"

"Babu."

"Kamar yaya babu? Kasuwa ce fa!"

"Kasuwa ce, amma ba ta ubanka ba. An buga ƙararrawa, kaya sun zama na mutumin Kalaba."

Ya rubuta wa mai otal ɗin doguwar wasiƙa, da gaisuwa da tambayar iyali, ya ce a yi haƙuri a ƙara wani abu. Amsa ta dawo layi ɗaya: adireshi. Bayanta saƙon masu shafi ya biyo, cewa yana da kwana uku ya aika kayan, in ba haka ba a rufe shagonsa, ba kuma zai sake buɗe wani da sunansa ba. Shagon nan shi ne tukunyar gidan Sallau.

Ranar Juma'a da hantsi muka ari baro. Ni ban san abin da ya kai ni ba. Ofishin kamfanin aika kaya kuwa, don mugunta, a saman bene yake, matakala ashirin da biyu, na ƙirga su da ƙuguna. Muka ɗaura wa uwar maƙera igiya, muka zura taɓarya, shi a gaba ni a baya. Kowace matakala sai na zagi maƙerin Bakori, in tuna ya rasu, in nema masa gafara, in koma kan Sallau.

Wata ma'aikaciya ce a bakin sikeli, da tabarau, tana taunar cingam. Ta dube mu, ta dubi abin da muka dire.

"Baba, wannan gyara za a yi mata ko me?"

"Aikawa za a yi, 'yata. Kalaba."

Muka ɗora a sikeli, allura ta zabura. Kilo sittin cif. Ta danna na'urarta, ta juyo masa da ita.

"Dubu sittin da biyu."

Sallau ya ce, "A'a, ba sayar miki zan yi ba. Kuɗin aikawa nake tambaya."

"Shi na faɗa, Baba."

"To a yi min ragi. Ni fa mai kawo muku ciniki ne, duk mako ina nan."

"Da ambulan kake zuwa, Baba."

"Babu ta talakawa? Wadda za ta tafi a hankali, ko wata uku ta yi a hanya?"

"Ita ce wannan. Ta gaggawa dubu casa'in ce."

Na ce masa, "Mutumina, bar musu shagon. Mu gangara da ita, ka kafa ta a bakin rumfa muna fasa kwakwa a kai." Ya harare ni. Ya ce yana da anini arba'in a gida da ya tara tun azumi, in aka rufe shago wa zai sayar wa, ni? Ya laluba aljihu ya ciro waya ya kira masu shafin, ya sa ta a amsa-kuwwa don in zama shaida. Muka sha kiɗa na kusan minti goma, katinsa na ƙonewa, sannan wani mai murya kamar ta mai karanta labarai ya ɗauka.

"Barka da warhaka, yallaɓai. Da me za mu taimaka maka?"

Sallau ya kwashe labari tun daga Bakori har saman bene. Ya ce shi dai bai ce albarka ba, bai kuma ce ya sallama ba, to a wace kasuwa ake ɗaukar kayan mutum bai sallama ba?

"Yallaɓai, ka sallama tun ranar da ka danna cewa ka yarda da ƙa'idojinmu."

"Wa ya karanta wannan? Ya fi littafin makaranta tsawo! To a soke cinikin."

"Ana iya sokewa. Sai dai akwai tarar sokewa, kuma shagon zai rufu."

"To ku bar min la'adar wannan karon. Ko ita kaɗai. Ku ji tausayi."

"Ayya, yallaɓai, na'ura ce ke cira. Ta ma riga ta cire."

Ma'aikaciyar ta dubi agogo ta ce za su rufe don masallaci, a biya ko a kwashe. Sallau ya dubi uwar maƙera kamar mai duban ɗan da ya jawo masa magana. Sannan ya juya baya, ya kwance lalitarsa, ya biya. Shago dai ya tsira. Ta manna wa ƙarfen takarda, ta miƙa masa rasit, ta ce, "Sauran abu ɗaya, Baba. Motarmu tana ƙasa, kuma masu lodinmu ba sa ɗaukar abin da ya wuce kilo hamsin. Mai kaya ke saukarwa."

Na zauna daɓas a kan benci na ce wallahi ko taɓaryar ba zan sake taɓawa ba.

Ashe mai muryar nan yana kan layi, bai kashe ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Muna taya ka murnar kammala ciniki, yallaɓai. Kada ka ɗauki kuɗin da muke cira a matsayin asara. Mu ba baƙi ba ne, abokan tarayyarka ne. Duk abin da ka ɗora a shafinmu, kashi goma sha biyar cikin ɗari namu ne, sauran naka. Tare muke."

Sallau ya kawo wayar daidai bakinsa.

"Madalla, abokin tarayya. Kilo sittin ce. Kilo tara naku na nan a saman bene, ku turo wanda zai sauko da su."