Ranar da Gidana Ya Kama Hanyar Yola

A zamanin Jamus na je Garwa ɗinkin sirdi a barikin soja. Wani fatoma mai saukar da baƙi ya nuna mini ɗakin haya, na ƙi. Ni da Allah ya hore wa wayo, in raba gumina da wani? Na samu tsohon kwalekwale a kan yashin Binuwai, can nesa da ruwa, na yi masa rumfar zana, na tare.

Kai, na ji daɗin gidan nan! Iska ta ko'ina, maƙwabtana balbelu. Baffa Hamadu, dattijon da ke fiton mutane, ya ce, "Ɗana, kafa turke ka ɗaure shi. An fara ruwa a duwatsun kudu."

Na dubi sama garau, na ce, "Haba Baffa, wa ke ɗaure gida kamar akuya?"

Ran nan bayan azahar na kishingiɗa. Na yi mafarkin ina goye a bayan innata a Kano, tana jijjiga ni a hankali. Ban taɓa barci mai daɗin wannan ba. Da na farka sai na ga bishiyoyi suna wucewa, ga dorina tana ƙare mini kallo. Na kwarma ihu, masunta suka jawo ni gaɓa suna dariya, wai na kama hanyar Yola. Sai washegari na iso Garwa a ƙafa, sirdin wani sajan soja da nake ɗinkawa a ka.

Yanzu na yi furfura, na gina gida har da zaure. Amma duk baƙon da ya tambayi gidana a kasuwa, sai a ce masa, "Yi sauri, Malam. Da safe dai yana nan."